Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Darasi domin ma'aurata masu jiran ɗan fari, da iyayensu, da ikilisiya

Karatu: Farawa 35:16-20, Nehemiya 4:7-9, Luka 2:1-7

Gabatarwa

A ƙasar Sudan, kudu da birnin Sinnar, akwai wani gari a bakin kogin Nilu, a reshen da Larabawa suke kira Bahar Azraƙ. Sunan garin Mai Wurno. Wanda ya shiga kasuwarsa zai ji Hausa da Fulatanci tare da Larabci. Ga yadda aka kafa shi. A shekara ta 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ci gaba da sauran mutanen har suka kai Sudan, suka zauna kusa da garin Shehu Talha wajen shekara ta 1906. Daga baya masu tafiya Makka a ƙasa suka yi ta ƙaruwa a wannan yanki, da yawa kuma suka tsaya aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925.

Idan ana ba da wannan labari, sarakai da mayaƙa ake tunawa. Amma akwai mata cikin ayarin, tafiyar shekara da shekaru kuwa ba ta rasa masu ciki. Ɗan'uwa, ka yi tunanin yarinyar da cikin fari ya tsufa a jikinta tana tsakiyar hanya, uwarta tana can baya a ƙasar Hausa, ba ta san garin da naƙuda za ta same ta ba.

Abin da kakanni suka gani, jikoki sun sāke ganinsa. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023. Ya kai Wad Madani, babban birnin Jazira, a watan Disamba na wannan shekara, ya shiga jihar Sinnar a tsakiyar 2024. Asibitoci da yawa suka rufe, mutane suka gudu daga gidajensu, mata kuwa ba su daina haihuwa ba domin ana yaƙi.

Yawancin masu karanta wannan darasi ba gudun yaƙi suke yi ba. Duk da haka kowace mai ciki matafiyiya ce, akwai ranar da za ta tashi ko ta shirya ko ba ta shirya ba. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da muke so mu koya ke nan: wanda ya dogara ga Allah yakan yi shiri tun da sauran lokaci, shirin haihuwa kuma aikin gida ne duka, har da ikilisiya.

1. Mata biyu a hanyar Baitalami

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin mata biyu da haihuwa ta same su a wuri kusan ɗaya. Ta farko Rahila ce, matar Yakubu. Suna cikin tafiya daga Betel, da sauran ɗan nisa kafin su kai Efrata, wato Baitalami, naƙuda ta kama ta, ta yi tsanani ƙwarai. Akwai ungozoma tare da ita tana ƙarfafa ta. Ta haifi Biliyaminu, ita kuwa ta rasu, aka binne ta a bakin hanya. Rahila matar mutumin alkawari ce, wadda mijinta ya yi bautar shekara 14 dominta. Wannan bai sa haihuwa ta zama abin wasa a gare ta ba. Kada kowa ya ce wa 'yar'uwa da ta sha wuya wajen haihuwa, ko iyalin da suka yi rashi, wai ƙarancin bangaskiya ne ya jawo.

Ta biyu Maryamu ce. Cikinta na fari ne, ya kuma tsufa sa'ad da umarnin ƙidaya ya fito daga Kaisar Augustas. Ita da Yusufu suka tashi daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar da ta fi kilomita 100. Masauki bai samu ba. Amma ku lura da abu biyu. Luka ya ce ta naɗe jaririn da zanen goyo. Zane ba ya tsirowa a komin dabbobi, mai yiwuwa ne da shi ta taho cikin kayanta. Kafin wannan kuma ta riga ta yi wajen wata uku a gidan Alisabatu, babbar mace wadda ita ma take ɗauke da cikin fari. Maryamu ta ji alkawari daga bakin mala'ika, duk da haka ta nemi babba ta zauna kusa da ita, ta kuma tanadi abin da jariri zai bukata.

2. Addu'a da masu tsaro

Sa'ad da maƙiya suka ƙulla shawara su fāɗa wa masu ginin garun Urushalima, Nehemiya da mutanensa suka yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. A aya ɗaya aka rubuta abubuwan nan biyu, ba wanda ya kori ɗan'uwansa.

Ni kaina ban fahimci wannan da wuri ba. Lokacin da matata take da cikin fari, ina aiki a wata ƙaramar ikilisiyar ƙauye. Kowace safiya ina yi mata addu'a, amma ban ajiye ko kobo ba, ban kuma yi magana da wani mai mota ba. A wata na tara na tafi babban taro na kwana uku. Naƙuda ta fara mata da yamma, kunya ta hana ta faɗa wa kowa sai da dare ya raba. Wata tsohuwa daga Zumuntar Mata ce ta cece mu. Ashe tun makonni kafin wannan ta riga ta roƙi wani direba ya riƙa kwana da mai a motarsa, ta kuma ƙulle 'yan kuɗi a bakin zanenta. Da na dawo na je yi mata godiya, sai ta ce, "Fasto, addu'arka ce Allah ya amsa, amma ni ya aika in yi aikin da ya kamata kai ka yi." Har yau ban manta da wannan magana ba.

3. Akwatin ungozoma

A shekara ta 1921 aka buɗe makarantar ungozomomi a Umdurman, a ƙarƙashin wata Baturiyar Ingila mai suna Mabel Wolff. Yawancin matan da aka fara koyarwa ba su iya karatu ba, saboda haka aka koya musu gane magunguna ta wurin kamanninsu da ƙanshinsu da ɗanɗanonsu. Wadda ta gama akan ba ta akwatin ƙarfe da kayan aikinta a ciki, a kuma riƙa zuwa ana duba shi. Da wannan akwati aka san ungozomar da ta sami horo a garuruwan Sudan. Hikimar ita ce, in an buga mata ƙofa da tsakar dare ba sai ta tsaya neman almakashi ko sabulu ba. Kome yana wuri ɗaya, a wanke, a shirye.

'Yar'uwa, ke ma ki yi naki akwatin. Da ciki ya shiga wata na takwas, ki haɗa waɗannan a jaka ɗaya, ki nuna wa maigida da wadda za ta raka ki inda take:

Katin awo da duk takardun gwaji.
Zannuwa wankakku, aƙalla huɗu, waɗanda aka shanya a rana.
Kayan jariri masu taushi, da hula, da tawul biyu, ɗaya na goge shi ɗaya na rufe shi.
Audugar mata, da sabulu, da tocila mai batir.
Sabuwar reza da ba a buɗe ba da zare mai tsabta, ko da haihuwa za ta zo a hanya.
Sauran abin da asibitinku ya rubuta a kawo. Ki tambaya tun ranar awo.

4. Watanni uku na ƙarshe

Ciki yakan ɗauki wajen mako 40, amma daga mako na 37 haihuwa tana iya zuwa kowace rana. Ranar da aka rubuta a kati ƙiyasi ce kawai.

Dā ana cewa awo huɗu ya isa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, yawancinsu kuwa a watannin ƙarshe. Dalili shi ne a lokacin ne hawan jini yakan taso, sau da yawa ba tare da mace ta ji kome ba. A wurin awo ake auna jini, a gwada fitsari, a duba kwanciyar ɗa, ko kansa ya juyo ƙasa ko yana gicciye. Idan an ce miki ɗan yana gicciye, ko tagwaye ne, ko jininki ya hau, to, ki sani haihuwarki ta babban asibiti ce inda ake iya yin tiyata.

Ki riƙa shan maganin ƙarin jini da aka ba ki kowace rana. Ki karɓi allurar rigakafin tetanus, cutar nan da take shiga ta cibiya ta sandarar da jariri. Ki kwana cikin gidan sauro kowane dare, ki kuma karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro in ana ba da shi a wurin awonku. A wurare irin Jazira, inda magudanan ban ruwa suke ratsa gonaki, da duk garin da yake kusa da fadama, sauro ba ya ƙarewa. Zazzaɓinsa kuwa ya fi tsanani ga mai cikin fari: yana shanye mata jini, yana sa a haifi ɗa ƙarami.

Game da abinci, ba sai mai tsada ba. Wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, kifi, hanta in ta samu, da ruwa mai tsabta. Waɗansu sukan hana mai ciki cin ƙwai ko nama wai kada ɗa ya yi girma. Wannan yana raunana uwar ne a lokacin da ta fi bukatar ƙarfi.

5. Kunyar ɗan fari

A cikin Hausawa da Fulani akwai kunyar ɗan fari. Yarinya takan ɓoye cikin, ba ta maganarsa a gaban manya, ana kuma yabon wadda ta haihu ba a ji muryarta ba. Kunya ado ce ga mace, ba mu raina ta ba. Amma kunyar da za ta sa a yi shiru ana zubar da jini ta wuce wurinta. Ita ce ta kusa raba ni da matata.

Masana lafiya suna cewa jinkiri uku ne suke kashe mata wajen haihuwa. Na ɗaya, jinkirin yanke shawara a tafi asibiti. Na biyu, jinkiri a hanya. Na uku, jinkirin samun taimako bayan an isa. Na ɗaya da na biyu a hannunmu suke, mutanen gida.

Ga alamun da in an ga ko ɗaya daga cikinsu, a tashi nan da nan, ko dare ko rana:

Zubar jini, kome ƙanƙantarsa.
Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa.
Jijjiga ko suma.
Zazzaɓi mai zafi.
Faya ta fashe naƙuda ba ta fara ba.
Motsin ɗa ya ragu ko ya tsaya.
Hannu ko ƙafa ko cibiya ta riga kai fitowa.
Naƙuda mai ƙarfi ta wuce awa 12, wato kamar daga fitowar rana zuwa fāɗuwarta.

Doguwar naƙuda ita ce babban abin da yake jawo yoyon fitsari, musamman ga yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba. Kan ɗa yakan tokare ya daɗe yana danne mafitsara har wurin ya ɓule. Asibitin Babbar Ruga a Katsina da asibitin Jankwano a Jos sun yi shekaru suna yi wa irin waɗannan mata aiki, da yawansu kuwa a haihuwar fari abin ya same su. Zubar jini bayan haihuwa ta fi wannan sauri, gama tana iya kashe mace cikin awa biyu. Saboda haka mafi kyau shi ne mai cikin fari ta haihu a hannun ma'aikaciyar lafiya, a tafi tun naƙuda tana farawa. Kada a ba ta jiƙo domin a hanzarta haihuwa, kada a kira mai kemis ya yi mata allurar naƙuda a gida, gama tana iya fasa mahaifa. Kada kuma a yarda a yi mata yankan gishiri.

6. Aikin maigida

Ɗan'uwa, akan ce haihuwa yaƙin mata ce. To, wa yake aika soja fagen fama ba guzuri? Kafin wata na tara ya kama, ka zauna da matarka da iyayenta ku amsa tambayoyin nan biyar.

A ina za ta haihu? Idan za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, al'ada ce mai kyau, gama tana samun hutu da kulawar uwa. Amma ka fara tambaya, wane asibiti ne kusa da can, yana aiki da dare? Ta tafi da katinta, ta kuma ci gaba da awo a can.

Da me za a kai ta? Ka yi magana da mai mota ko mai keke tun yanzu, ka riƙe lambar mutum biyu, ba ɗaya ba. Ka dubi lokacin shekara. Ƙasar Jazira da Sinnar baƙar laka ce, da damina ta sauka ƙauyen da yake nesa da kwalta yakan yanke, mota ba ta shiga. Haka yake a ƙauyuka da yawa na ƙasarmu. In haihuwa za ta fāɗo cikin damina, ko hanyarku ba ta biyuwa da dare saboda rashin tsaro, ta koma gidan wani dangi kusa da asibiti tun saura mako biyu ko uku.

Ina kuɗi? Ka riƙa ajiye kaɗan kaɗan a wuri dabam, matarka ta san inda suke. Yawancinmu mukan tanadi ragon suna da ɗinkin biki, mu manta da kuɗin tiyata. Suna yana iya jira.

Wa zai ba da jini? Ku san rukunin jininta, ku sami mutum biyu da suka yarda za su bayar in an bukata.

Wa zai yanke shawara in ba ka nan? Mata da yawa sun mutu suna jiran izinin miji. Ka faɗa a gaban mahaifiyarka da surukarka da maƙwabta cewa ka riga ka ba da izini, duk lokacin da aka ga alama a kai ta, kada a jira ka.

Bayan waɗannan, ka ɗauke mata ɗiban ruwa da faskare da daka. Ka bi ta awo ko sau ɗaya ka ji da kunnenka abin da ake faɗa mata.

7. Aikin ikilisiya

Manzo Bulus ya umarci Titus ya sa tsofaffin mata su koya wa ƙananan. Kowace mai cikin fari tana bukatar Alisabatu tata, wadda za ta iya gaya wa abin da take jin kunyar gaya wa uwarta. Zumuntar Mata ta san masu ciki da suke cikin ikilisiya, ta sa wa kowace ɗaya babbar mace mai ziyartarta. Dattawa su keɓe wani abu daga baiko domin haihuwar gaggawa. Matasa maza su san rukunin jininsu. Wanda Allah ya ba mota ya bar wayarsa a kunne da dare.

Wannan hidima kada ta tsaya a ƙofar majami'a. Mutanen Mai Wurno Musulmi ne, haka ma maƙwabtan yawancinmu. Naƙuda ba ta tambayar addinin mace. In an buga maka ƙofa domin matar maƙwabcinka, ka tashi kamar 'yarka ce.

8. Bayan an sauka

Da an haifi ɗa a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare. Kada a yi masa wanka sai bayan kwana ɗaya, domin sanyi yana saurin kama jariri. A sa shi a nono cikin awa ta farko. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da waɗansu suke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko, tsotson kuma yana taimakon mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Nono kaɗai ya ishe shi har wata shida, ko ruwa ba ya bukata. Kada a sa toka, ko kashin shanu, ko man goge baki a cibiya, sai maganin da asibiti ya bayar. A kai shi rigakafi tun makon farko.

Mai jego kuma a kula da ita. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a cikin mata bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Ta yi wanka da ruwa mai ɗumi, ta ci abinci mai kyau, a rage kanwa. In ta fara kumburi, ko numfashi yana yi mata wuya, ko zazzaɓi, ko jini mai wari, a mai da ita asibiti. In kuwa ta yi ta kuka da baƙin ciki har makonni, kada a tsauta mata, a zauna da ita, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya.

Kammalawa

Rai a hannun Allah yake. Akwai waɗanda suka yi dukan shirin nan amma suka yi kuka, kamar Yakubu a bakin kabarin Rahila, Ubangiji kuwa bai rabu da su ba. Amma abin da ya sa a hannunmu zai tambaye mu a kansa. 'Yar'uwa, in tsoro yana damunki da dare, ki gaya wa Ubangiji, ki kuma gaya wa wata babba. Ɗan'uwa, kada makon nan ya wuce ba ka amsa tambayoyin nan biyar ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me labarin Rahila ya koya mana game da yadda za mu yi magana da iyalin da suka yi rashi wajen haihuwa?
2. A Nehemiya 4:9, waɗanne abubuwa biyu mutanen suka yi? Wanne ne ka fi sakaci da shi?
3. Daga gidanku zuwa asibitin da ake iya yin tiyata, tafiyar minti nawa ce da rani? Da damina fa?
4. Mata nawa ne suke da ciki a ikilisiyarku yanzu? Wa yake ziyartar kowace ɗaya?
5. Waɗanne al'adun jego ne ya kamata mu riƙe, waɗanne ne kuma ya kamata mu gyara?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai siffata ɗa a cikin uwarsa. Muna kawo maka 'yan'uwanmu mata masu jiran haihuwar fari. Ka kawar musu da tsoro, ka sauke su lafiya. Ka ba mazansu hankalin yin tanadi, ka ba ungozomomi da likitoci hikima da haƙuri. Ka tuna da matan Mai Wurno, da na Jazira, da dukan waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, ka ba ƙasar Sudan salama. Ka sa mu zama masu tashi in an buga mana ƙofa. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.